Dabinon Basara a Kantin Kawu

Madina, Zulƙida 1398

Yaya Ƙaltume,

Gaisuwa mai yawa. Ya zafin Jidda, ya maigidan naki mai tumbi? Ina fata yara lafiya.

Na sake janyo magana. Baladiyya, wato hukumar gari, ta kafa doka, kowane kwalin abinci sai an rubuta garin da ya fito. Kin san Kawu Idrisa dabinon Basara ta Iraƙi mai araha yake sarowa, ya sayar wa alhazai a hanyar filin jirgi da sunan na gonakin Awali na nan Madina. Ya ba ni alƙalami, wai hannuna na allo ya fi kyau, in rubuta Madina. Ni kuwa na zauna na ƙawata Basara a kan kowane kwali, har da ado irin na zayyana. Alhazai suna karantawa suna wucewa. Kawu ya rantse idan kayan suka kai Juma'a ba a sayar ba, in nemi wani aikin. Kada ki gaya wa Inna.

Ƙaninki,
Khalilu

Yaya Ƙaltume,

Bayan gaisuwa, gyara zama.

Ran Laraba wani tsoho ya tsaya, fari sol, yana ɗingishi, na ɗauka Baturke ne. Ashe Musulmin ƙasar Bolanda ne, maƙwabciyar Jamus, Hajji Yakubu. Ya ga Basara ya kasa gaba. Da gurgun Larabcinsa ya ce shi sojan doki ne lokacin da Jamus ta afka wa ƙasarsu. Rasha ta kama shi, ya sha yunwa a sansani, da aka sake su suka gangaro Iraƙi ƙashi da fata. Can aka riƙa ba su wannan dabino a buhu marar suna, shi ya tashe su har suka je suka yi yaƙi a Italiya. Bai taɓa sanin wa zai yi wa addu'a ba.

Ya ci ɗaya, ya yi kuka. Ya kwashe kwalayen duka, zai kai wa sauran 'yan rundunarsu a Landan, don har yau ba su koma gida ba.

Yanzu Kawu yana gaya wa maƙwabta wai dabararsa ce. Na ƙyale shi. Amma kafin tsohon ya tafi, ya sa na rubuta sunana ƙarƙashin Basara a kowane kwali, ya ce wannan karon yana son ya san sunan.

Yanzu kya iya gaya wa Inna. Ki ƙara gishiri.

Naki,
Khalilu mai alƙalami