Adaidaitar Marigayiya da Ƙaryar da Na Yi wa Maƙwabcina

Assalamu alaikum, Malama Ummukulthum. Don Allah ki taimake ni da shawara, don abin ya fi ƙarfin kaina, kuma duk wanda zan gaya wa a nan cewa zai yi tsufa ne ya fara taɓa ni. Ni tsohon malamin firamare ne, shekarata sittin da bakwai, ina zaune a wani ƙauye gabas da Ɗanbatta. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, malamin makaranta bai iya gajarta magana ba.

Shekara shida da suka wuce mai ɗakina ta faɗi a tsakar gida tana sheƙar gero. Hawan jini ne, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Zan kira ta Ramlat a nan, ko da yake ba sunanta ba ke nan, don shekara arba'in muna tare bakina bai taɓa kama sunan nata ba. Likita ya ce a riƙa kawo ta asibiti gashin ƙashi duk mako biyu. To a nan wahalar take. Sai a tura ta a keken guragu har bakin titi, a tsayar da motar haya, maza uku su ciccibe ta kamar buhun gyaɗa, zani na zamewa, fasinjoji na kallo. Matar da ko ƙanina bai taɓa ganin kanta ba ɗankwali ba. A zuwa na huɗu ta yi kuka, ta ce gara ta mutu a ɗakinta.

Da giratutina ya fito sai na sayi adaidaita sahu ta hannu, na kai wa wani mai walda a Ɗanbatta, Tahir. Ya cire kujerar baya, ya faɗaɗa ƙofar gefe, ya yi faifan ƙarfe mai ninkewa wanda ake saukewa ƙasa a turo keken ya hau, ya sa ƙugiyoyi huɗu na ɗaure shi. Da furfurata na koyi tuƙi a filin makarantar da na yi hedimasta, sau biyu ina faɗawa gonar gyaɗar mutane. Ranar da na kawo ta gida na danƙa wa Ramlat makullin a hannunta mai lafiya, na ce taki ce, ni direba ne kawai. Shi ya sa duk garin ake ce mata motar Gwaggo, don haka mutane ke kiran mai ɗakin nawa.

Malama, motar nan ta dawo mini da matata. Barka, suna, gaisuwar mutuwa, duba gonarta da damina, babu inda ba ma zuwa, tana daga baya tana yi mini faɗan in rage gudu. Kuma ba ita kaɗai ta amfana ba. Mai naƙuda, tsohon da ba ya iya hawa babur, wanda maciji ya sara a gona, duk ƙofarmu ake bugawa, ita ce mai ba da izini, ni in ja. Zauren gidana ba ya rabo da mutane.

Wata goma sha ɗaya ke nan da Allah ya karɓi abarsa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in faɗa miki abin da na yi. Kwana tara da rasuwar, maƙwabcina Nababa, wanda katanga ɗaya ta raba mu, ya yi mini sallama. Mahaifiyarsa ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, yana so in kai ta asibiti. Na leƙa motar, sai ga keken Ramlat a ɗaure yadda muka dawo daga zuwanmu na ƙarshe, mayafinta a rataye a jiki. Hannuna ya kasa kwance ƙugiyar. Na koma na ce wa Nababa motar ta lalace. Ya ce babu komai, Allah ya ƙara haƙuri. A amalanke suka kai tsohuwar bakin titi. Washegari da safe kuma, saboda sabo, na tayar da injin, duk unguwa ta ji.

Tun daga ranar babu wanda ya sake tambayata motar. Muna gaisawa a masallaci, lafiya lau, lafiya lau, kowa ya kama gabansa. Matar Nababa tana aiko mini da kunu kullum da safe, ni kuma kunya ta hana ni haɗa ido da mijinta. Tsohuwar tana nan kwance, na ji an ce sun daina kai ta asibiti saboda wahalar ɗauka. Zaurena yanzu ni ne da tabarma da rediyo. Wallahi akwai ranar da daga la'asar har isha'i ban yi magana da kowa ba sai akuya.

'Ya'yana biyu ne, Kamaruddeen a Kano da Nana Maryam da ke aure a Gezawa. Kamaruddeen ya matsa in sayar da motar, ko in yi musaya da babur, ko ma in tattara in koma wurinsa. Har ya turo mini mai saye, wani Kamilu mai ɗaukar fasinja. Ya zagaya ta, ya sa ƙafa ya shuri faifan nan, ya ce wannan ƙarfen banza ne, yanke shi zai yi ya ba 'yan gwangwan ya mayar da kujera, don haka ma sai na rage masa kuɗi. Na ji kamar ni ya shura. Na ce ya dawo bayan Sallah. Sallah ta wuce, yau kwana uku yana kira ina ƙin ɗagawa.

Kullum da safe nakan tayar da motar don kada batir ya mutu. In zauna, in waiwaya baya in ce kin zauna daidai, kamar yadda nake tambayar Ramlat kafin mu tashi, sannan in kashe in shiga gida. Tayoyin sun fara sacewa, kaza har ta yi ƙwai a ƙarƙashi. In na sayar, ji nake kamar na sake binne Ramlat. In na bari kuma, ina kallon ta tana ruɓewa. Me zan yi?

Direban Gwaggo, daga ƙasar Ɗanbatta.

Wa alaikumus salam, Baba Malam. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sa jinyar da ta sha ta zama kankarar zunubi, kai kuma ya saka maka da alherin hidimar da ka yi mata. Abin da ke damun ka ba tsufa ba ne, kewa ce, kuma babu abin kunya a cikinta.

Mu fara da abin da ka tsallake. Ka danƙa mata makulli ka ce tata ce, gari ya shaida. In haka ne, motar nan ta shiga cikin abin da ta bari, kai da 'ya'yanka duk kuna da haƙƙi a ciki. Ka samu malamin da ya san rabon gado ka kwashe masa labarin yadda ka faɗa mini, kafin a yi maganar sayarwa ko musaya. Ka ga ashe Kamaruddeen ba shisshigi yake yi ba. Yana da gaskiya kuma cewa ƙarfen da aka ajiye lalacewa yake, sannan ina zaton tsoron zamanka kai kaɗai ne ya fi damun sa, ba motar ba. Inda ban bi shi ba shi ne babur da komawa birni. Babur ba zai kawo maka mutum ko ɗaya zaure ba, a birni kuwa in ya fita aiki ko akuyar ba za ka samu ba.

Kamilu ba mugu ba ne, sana'arsa ya duba. Shi dai ba mai sayen motar nan ba ne, tunda abin da ya ba ta daraja shi ne abin da zai yanke. Ka ɗaga wayarsa yau ka ba shi haƙuri, kada ka bar bawan Allah yana jira. In har an kai ga sayarwa, ka koma inda kuke zuwa gashi ka sanar da ma'aikatan, ka kuma gaya wa ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta yankinku. A can akwai gidajen da har yau ake ciccibar uwa a gaban fasinjoji, su ne za su ga faifan Tahir su san abin da suka gani. A yi cinikin da shaidu da takardun motar a hannu.

Amma Baba, ni a karatuna matsalarka ba a motar take ba, tana bayan katanga. Kana zaton unguwa ta yi fushi da kai. Wanda ya yi fushi ba ya barin matarsa ta yi wata goma sha ɗaya tana aika kunu. Sun ji ƙarar injin, sun gane ba motar ce ta lalace ba, zuciyar direban ce, sai suka yi maka kara suka daina tambaya don kada su sake sa ka a tsaka mai wuya. Kai kunya ta rufe maka baki, su kara ta rufe musu, tsohuwa kuma tana kwance a tsakaninku. Laifin ƙaryar naka ne, don haka kai za ka fara takawa. Zumunta a ƙafa take. Ka same shi ka ce Nababa, ranar nan ban faɗa maka gaskiya ba, ka yafe mini. Magana ce da ba ta kai minti ɗaya ba.

Ka cire mayafin da hannunka, ka ninke ka sa a akwati, ko ka ba Nana Maryam. Ka kira bakanike ya duba birki da tayoyi, kai ma ka je a duba idonka. Ka nemi yardar 'ya'yanka motar ta koma aikinta daga nan zuwa ƙarshen kaka. In zuciyarka ta ɗauka, ku yi shawarar bar wa gari ita sadaka mai gudana da sunan mahaifiyarsu. In ta kasa ɗauka, ku sayar wa mai buƙata ba tare da ka zargi kanka ba, don Gwaggo ba a cikin ƙarfe take ba.

Ranar da bakanike ya gama, in ka tayar da injin da safe kada ka kashe shi. Ka ja zuwa ƙofar Nababa ka sauke faifan. Tambayar nan da kake yi wa wurin da babu kowa, akwai tsohuwar da za ta amsa maka ita.

Allah ya ba ka juriya, ya sake cika maka zaurenka da mutane.

Malama Ummukulthum