Almakashin Baba a Ofishin Cigiya

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ku lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara wa Baba sauƙin idonsa. Ni ma lafiya lau, aiki a shagon ɗinki yana tafiya, sai godiya.

Yaya, ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa. Almakashin da Baba ya damƙa mini ranar da zan taho, shi na manta a cikin bas. Kwana biyu ko abinci ba ya yi mini daɗi. Aka ce in je ofishin cigiya, amma can ba sa nuna wa mutum kaya, sai ya siffanta abinsa da bakinsa. Ni kuwa Sifaniyancina, yaren da ake yi a nan, bai wuce gaisuwa ba, kin dai san kan ƙaninki da karatu. Tsohuwar da nake haya a gidanta ce ta zaunar da ni a kicin, tana ɗaga cokali da tukunya da kofi, ina maimaitawa kamar aku. Babba grande, tsoho viejo, baƙi negro, mai nauyi pesado. In na kuskure sai ta ƙwanƙwasa tebur da ludayi. Da koyo akan iya.

Na je na zazzage wa ma'aikacin kalmomina kaf. Ya shiga ciki ya dawo, ya ce masu wannan kamar uku ne a wurinsa, in ƙara bayani. Ga shi guzurin kalmomina ya ƙare. Sai na tuna yadda babban yatsan Baba ya cinye ƙarfen mariƙin har ya yi gurbi. Na ɗaga yatsana, na harhaɗa abin da ya sawwaƙa, na ce masa hannun ubana yana jiki. Mutumin ya koma, ya daɗe. Da ya fito, yatsansa na cikin gurbin nan yana shafawa. Ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce shi ma mahaifinsa kafinta ne. Wallahi sai da na yi hawaye a gaban mutane.

Yanzu karatu ya shiga raina, tsohuwa ta ce gobe sai sunayen kayan ɗaki. Ki gaida Inna da Kawu da Gwaggo da 'yan biyunki. Baba kuwa, ki auno mini kafaɗarsa da tsayinsa ba tare da ya sani ba. Da almakashinsa zan yanka masa riga.

Ƙaninki mai kewarku,
Auta