Kan Furen da Na Karya

Agadas, watan Rajab, 1953

Zuwa ga yayana Illiya a Galmi,

Gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, da addu'ar Allah ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Fatake sun ba ni labarin ciwon bayanka, Allah ya kawo sauƙi. Mu nan matata Mairo da yara kowa lafiya lau, ni ne dai gajiya ta yi wa katutu.

Ka aiko in dawo bana in kama maka aikin garkar albasa ta Baba, tunda ba ka iya jan ruwa yanzu. Wallahi na so. Amma matar kumandan, Baturen mulki, wadda nake yi wa aikin lambu, ta ce ba za ta sallame ni ba sai shukarta ta yi fure. Daga wani tsibiri na tsakiyar teku ta zo da ita, inda, in ji ta, babu zafi babu ɗari. Shi ne aka kawo ta Agadas! Shekara uku ina yi wa abin nan bauta. Na kafa mata rumfar tabarmi, na rataya jiƙaƙƙun buhuna kewaye da ita, ina ba ta ruwan tulu mai sanyi wanda ni kaina ban samu na sha ba. Ta yi kauri kamar ƙaramin icce, ta kawo mini kafaɗa, ganyenta sai ƙaiƙayi.

To, makon jiya da safe na ga ta fitar da wani dogon kai a tsakiya. Yaya, ka tuna yadda Baba ya koya mana da albasa: in ta ɗago kai za ta yi fure, a karya shi da wuri don ƙarfin ya koma ƙasa. Hannuna ya riga hankalina. Na karya shi na jefa wa akuya, har ina jin daɗin na yi aikin kirki.

Da Madam ta fito ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Zama ta yi a bakin rijiya tana kuka. Seydou mai dafa musu abinci ne ya fassara mini cewa kan nan shi ne furen da ake jira duk shekarun nan, kuma sau ɗaya shukar ke fitar da shi. Madam ta ce wataƙila shukar ta yi reshe baɗi, wataƙila ta bushe. Ba ta kore ni ba. Ni kuwa ina zan kai kunyar neman sallama bayan da hannuna na yi ɓarnar?

Don haka kada ka jira ni. Ka ba Chaibou mijin ƙanwarmu Habsatu rabona na garkar ya noma, in ma ya riƙe ba zan tuhume shi ba. Na gaji, Yaya, na gaji ƙwarai.

Ka gaida matarka Rabi da yara, da Habsatu, da Kawu Alkasum. Ka durƙusa mini gaban Inna. In ta tambayi yaushe zan zo, kada ka faɗa mata lokaci, don ni ma ban sani ba.

Ƙanenka,
Amadou