A Hannunka Za Ta Yi Aiki

Yaya Inuwa,

Na tafi Kano karɓo maganin Yaya Khalil. Mota ba za ta jira ka dawo daga gona ba.

Jiya da la'asar ya sa na ɗauko kwamfutar shagonsa na ajiye masa kusa da katifa. Wasan harbe-harben nan yake so, wanda yake yi kafin haɗarin da ya yi a hanyar Doguwa. Tun da aka sa mata Windows 98 wasan ba ya buɗewa, sai allon ya yi baƙi. Ya ce, "Isa, mayar da ita tsohon tsarinta na DOS, a can yake tashi." Yana faɗa mini abin da zan rubuta, ina bugawa. Ya kuwa buɗe, har da ƙarar bindiga. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin asibiti.

Na ɗora masa allon maɓallan kwamfutar a cinya. Yaya, yatsunsa na dama sun ƙi dannawa. Aka yi ta kashe shi a ƙofar farko ta wasan. Sai na ce ai maɓallan ne suka lalace. Ya ce, "Haka ne," ya juya ya fuskanci bango. Ko tuwo bai taɓa ba.

Na zare wayar wutar na ɓoye a bayan buhun masara. Don Allah kada ka jona ka gwada a gabansa, domin a hannunka za ta yi aiki. Idan ya tambaya, ka ce ta ƙi tashi.

Inna ba ta san zancen yatsun ba tukuna.

Isa