Ƙorafi Kan Garin Maganin Wake Mai Rubutun "Wards Off"

Zuwa ga Mai Girma Magajin Gari,
Ofishin Meri, Ɗan Kassari.

Daga Mubarika Idris, ƙauyen Tudun Jatau.
Litinin, 13 ga Maris, 2023.

Game da: Wani garin maganin wake da ake sayarwa a kasuwa da sunan mai ƙorafi, ba da yardarta ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya, mai ƙorafi tana neman afuwa idan rubutunta bai yi kama da na ofis ba. A aji uku ta bar lakwal, kuma ba ta taɓa tsayawa gaban hukuma ba. Ga abin da ya kawo ta.

1. Ranar 5 ga Nuwamban bara, bayan an gama ɗibar wake, wani ɗan tireda mai suna Musbahu ya zo Tudun Jatau a kan babur da ƙananan ledoji na wani farin gari da ya sayo a Najeriya. Ya sauka gidan Inna Zalihatu, yayar mahaifiyar mai ƙorafi, wadda ita ke shugabantar ƙungiyar matan ƙauyen. Matan sun haɗa irin wakensu na shukar bana wuri ɗaya a cikin tano, wato babbar gangar ƙarfe, kuma ƙwari sun riga sun fara huda shi. Duk rubutun ledar da Ingilishi yake. Babu Faransanci, babu Hausa. Da aka tambayi Musbahu aikin maganin, sai ya ce shi ɗan kasuwa ne, ba mushen lakwal mai koyar da yara ba.

2. Nan Inna Zalihatu ta sa aka kira mai ƙorafi daga madafa, ta miƙa mata leda gaban mata duka, tana faɗa musu cewa ɗiyarta ta yi boko. Mai ƙorafi mutum ce da ko a biki bayan ƙofa take zama. Ta duba rubutun, ba ta gane komai ba sai kalma ɗaya. A saman hoton ƙwaro an rubuta "wards off". Ta san "off", domin tana ganin ta a jikin rediyo da tocila, kuma kowa ya san idan an tura maɓalli wajen "off" an kashe ke nan. Idanun mata duka na kanta. Sai ta ce maganin yana kashe ƙwari. Abin da ya kamata ta ce shi ne ba ta sani ba. Ya fi gajarta, amma a ranar ya fi ƙarfinta.

3. Musbahu yana tsaye ya ji. Bai gyara ba. Ya tafa hannu, ya ce ga shi nan ilimi ya yi magana. Saboda wannan maganar matan suka fasa shanya waken a rana su tsince shi kamar yadda suka saba. Suka barbaɗa garin, suka rufe tano, hankalinsu kwance.

4. Ranar 20 ga Fabrairu aka buɗe. Ranka ya daɗe, ba wake aka tarar ba. Ɓawo ne da gari da ƙwari suna yawo a kai, kowane da ƙibarsa. Wata tsohuwa ta ɗebi cikin hannu ta hura, ya tashi kamar dusa.

5. Mai ƙorafi ta ɗauki ledar da ta rage ta shiga mota zuwa Dogon Dutsi, wurin Mushe Dauda, wanda ke koyar da Ingilishi a kolej. Ya bayyana mata cewa kalmomin nan biyu tare suke tafiya, ba a raba su, kuma idan sun haɗu ma'anarsu ita ce tare abu tun daga nesa don kada ya iso. Ana faɗin su ga sauro, ga ciwo, har ga naushi idan mutum ya kare da hannu. Da ya ga ba ta gane sosai ba sai ya kawo mata misali da layar da tsofaffi ke rataya wa jariri: ba wanda ya taɓa cewa laya tana kashe iska, hana ta matsowa kawai ake nufi. Wato garin na waken da ƙwaro bai shiga ba ne. Wanda ya riga ya shiga, an rufe shi ne da abincinsa. Ta yi godiya, ta dawo gida, ta faɗa wa matan komai a ranar, kanta a ƙasa.

6. Ga ainihin ƙorafin. Musbahu bai daina sayarwa ba. Yanzu da zafi ya shigo ƙwari suka yi yawa, yana bin kasuwanni har Kore Mairuwa da ƙaramin lasifika, yana shelar cewa ƴar lakwal ta Tudun Jatau, ɗiyar Idris, ta karanta da idonta ta ce yana kashewa. Mai ƙorafi ta same shi a kasuwar makon jiya, ta roƙe shi a hankali ya bar ambaton ta, ta gaya masa abin da Mushe Dauda ya ce. Ya yi dariya, ya kira ta Madam Off gaban mutane, ya ce shi bai ƙara ko wasali a kan maganarta ba, in ta canza karatu ta je ta sayi nata lasifikan. Tana nan tsaye wata mata mai goyo ta sayi leda. Mai ƙorafi ta bi ta da ido har ta ɓace cikin taro, ba ta tsayar da ita ba. Ba ta san sunan matar ba, ba ta san ƙauyensu ba.

Mai ƙorafi ba ta ce laifin duka na Musbahu ne ba. Na farkon nata ne. Matan ba su zage ta ba, kuma da sun zage ta da ta fi samun barci. Inna Zalihatu har yau tana aiko mata da fura, tana cewa ita ce ta matsa wa yarinya. Amma damina na tafe, gonakin matan ba su da iri, kuma wasu matan a wasu ƙauyuka suna rufe nasu yanzu haka a kan maganar da ta fito daga bakinta.

Saboda haka tana roƙon Mai Girma, cikin ladabi, da ya sa ma'aikacin gona ya duba wannan gari, a hana sayar da shi sai da bayanin da mutane za su gane. A hana Musbahu tallata shi da sunanta. Idan akwai taimakon irin wake a bana, a tuna da matan Tudun Jatau, ko da an cire gidansu mai ƙorafi daga ciki.

Roƙo na ƙarshe, ranka ya daɗe, ba zan iya yin sa da bakin wata ba. A sa sanƙira ya zaga kasuwa ranar cinta ya ce maganin ba ya kashe ƙwari, duk wadda ta rufe wakenta ta buɗe ta shanya. Kada a ɓoye sunana. Da sunana suka saya, in ba su ji shi ba ba za su buɗe ba. A ce Mubarika ɗiyar Idris ba ta iya Ingilishi ba, kuma ba ta taɓa iyawa ba. In ana so, zan bi bayan sanƙiran a ƙafa don a ga fuskata.

Allah ya ja zamanin Mai Girma, ya sa ya gama lafiya.

Mai biyayya gare ka,
Mubarika Idris