Muryoyin da Suka Dishe a Oktoba

Litinin, 9 ga Oktoba, 2023
Taro a ofis. Ƙungiyarmu za ta ba 'yan aji uku na wata firamare a Argungu akwatin karatu, 'yar na'ura mai karanta labari yara na maimaitawa. Aikina in auna ko tana da amfani. Tsarin Dokta Dankure, shugabanmu: rukuni ɗaya. A gwada yara, a ba su akwati, a sake gwada su, a tafa.
Na ce a ƙara aji ɗaya a Augie wanda ba za a ba akwati ba, mu samu abin kwatantawa. Ya ce, "Luba, ke kina iya shiga aji ki ce ma ɗiyan talakawa su ba a ba su?" Kowa ya gyaɗa kai. Man motar zuwa Augie ne ba ya son saye, amma tausayi ya fi daɗin faɗi a gaban mutane.

Talata, 17 ga Oktoba
Gwajin farko. Ban je ba, an tsare ni da takardu. Malama Cecilia, malamar ajin, ta ɗauki muryoyinsu a waya, kowane yaro ya yi karatu a bayyane. An ƙirga kalmomin da ya furta daidai. Sakamakon ya yi muni ƙwarai. Dokta ya yi ta fara'a har la'asar.

Laraba, 21 ga Fabrairu, 2024
Argungu, gwaji na biyu. Yara garau, kumatu a cike, suna rige-rigen karatu. Wata yarinya, Baiwa, ta karanta nata ta nemi ƙari. Na tambayi Cecilia yadda akwatin yake. Ta yi dariya: "Anti Luba, rabin akwatunan batir ya mutu tun Kirsimeti. Amma yara na son jakar da ake sa su ciki."

Litinin, 26 ga Fabrairu
Maki ya kusa ninkawa. Da matattun batura. Lallai akwatin nan waliyyi ne.

Alhamis, 29 ga Fabrairu
Na zauna da rana a ofis na saurari muryoyin Oktoba, don in tabbatar da ƙirgen. Yaro na farko, murya a dishe. Na biyu ma. Baiwa, wadda ta nemi ƙari, ga ta tana fizgo kalma kamar mai ciwon maƙogwaro, tana hamma a tsakiyar layi. Wani ma sai da Cecilia ta kira sunansa sau biyu, barci ya ɗauke shi.
Na san wannan muryar. A Ambursa na tashi. Oktoba shinkafa ke nuna, tsuntsayen jan-baki ke sauka fadama kamar hadari, kowane gida ya tura yaransa tun asuba su yi ta ihu suna kaɗa gwangwani. Daga can suke wucewa makaranta, in sun wuce. Mu kuma muka miƙa musu takarda muka ce a yi karatu da ƙarfi.
Ba iya karatunsu muka auna ba. Gajiya muka auna, sannan muka dawo bayan girbi muka auna hutu da ƙoshi. Da akwai ajin Augie, da su ma sun ninka ba tare da akwatin kowa ba, da mun gani. Wataƙila akwatin ya yi wani abu. Wataƙila bai yi ba. Babu mai iya sani, ni ma haka.

Litinin, 4 ga Maris
Na kunna wa Dokta. Ya saurari yara uku, ya ce in kashe.
"To, mi kike so a yi? A rubuta ma masu ba da tallafi tsuntsu na ya koya musu karatu?"
Na ce, Yallaɓai, a rubuta cewa ba mu sani ba.
Ya ce babu wanda ya taɓa samun tallafi da ba mu sani ba. Sannan ya sassauta murya: in rahoton ya shiga, za a kai akwati makarantu arba'in, a ba shi awar karatu ta safe. Kuma ana neman wadda za ta shugabanci sashen bincike. "Shekarunki nawa kan kujerar ga, Luba?"
Ya san amsar. Shi ya ajiye ni a kanta.

Talata, 5 ga Maris
Awar karatu a makarantu arba'in. A karɓe ta daga hannun irin su Cecilia a ba jaka mai kyau.
Ba zan sa hannu ba.

Alhamis, 14 ga Maris
Azumi, zafi, ba wuta a unguwarmu ta Nassarawa. Na rubuta sakin layi guda a kan lokacin gwajin da rashin rukunin kwatantawa. Dokta ya mai da shi jimla ɗaya, ya kai ta can ƙarshe inda ba mai zuwa. Aƙalla tana ciki.

Juma'a, 15 ga Maris
Na sa hannu.

Laraba, 24 ga Afrilu
An gabatar da rahoton a ɗakin taro na otal. Wata yarinya daga masu tallafi, Peace, ta ɗaga hannu: ta yaya muka san akwatin ne ya kawo canjin, tunda rukuni ɗaya ne? Dokta ya fara laluben gilashinsa. Ni na karɓi makirufo. Na yi bayani a kan girman tasirin, da wahalar aiki a karkara, da ɗa'ar bincike da yara. Ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba, na lura. Ta ce ta gode, ta zauna. An tafa sosai.
Sabon ofishina na shugabar sashen bincike yana da taga.
Kafin a watse Dokta ya tambaye ni wane wata za a yi gwajin farko a sababbin makarantun, tunda yanzu ni ke yankewa. Na ce Oktoba.
Lokacin ne zangon karatu ya gama daidaita. Dalilina ke nan.