Takardar Alkawarin da Ladi Ta Maido

Madarunfa, Talata 10 ga Yuni, 2025

Daga: Malama Habiba Ɗan Baba, tsohuwar malamar lekol (makarantar boko), Madarunfa

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Tsangaya, ta hannun Shugaban Sashen Sadarwa

Game da: Malam Hamisu Sule, wanda ya sa muryoyin matan Gabi a rediyo ba da izininsu ba, kuma ya hana Sakina Ashiru kare kundinta

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawar da ta dace da kujerarka, ni gwaggon Sakina Ashiru ce, ɗalibar shekara ta uku ta lisans, wato digirin farko, a sashen sadarwa. A hannuna ta tashi tun rasuwar ƙanena. Ba da saninta na rubuto ba, don ita tsoro take ji. Ni kuwa na yi shekara talatin da ɗaya riƙe da alli, tsoron malami ya daɗe da fita daga raina. Ga ƙorafina:

1. Kundin da Sakina take rubutawa don kammala lisans yana magana ne kan yadda labari ke isa ga matan da mazajensu suka tafi ci-rani Nijeriya. Daga 10 zuwa 22 ga Fabrairu ta zauna a wani ƙauyen Gabi tana hira da matan, tana naɗar muryoyinsu. Ni na kai ta, ni na tsaya mata, domin rabin matan nan ni na koya musu baƙi. Kafin kowacce ta buɗe baki, sai da aka karanta mata takarda mai hatimin sashenku, wadda ta ce ba mai jin muryarta sai ɗaliba da malaminta, sannan ta dangwala yatsa.

2. A kan wannan alkawari suka faɗi abin da ko uwayensu ba su sani ba. A gidajensu salula tana hannun suruki ko wan miji. In miji ya aiko saƙon murya, a zaure ake fara kunna shi gaban maza, matar ta samu abin da aka ga damar gaya mata. Shi ya sa mata goma sha ɗaya suka haɗu suka sayi salula guda, suka ba Ladi mai ƙuli-ƙuli ajiya. A cikin tukunyar tunkuza take ɓoye ta. Mace ta zo kamar sayen mai, ta ji muryar mijinta ita kaɗai, ta koma gida. Ranka ya daɗe, ban ga laifin da ke cikin wannan ba.

3. Ranar Litinin 14 ga Afrilu Malam Hamisu, mai duba kundin, ya karɓi hira huɗu daga ciki, wai zai saurara. Ranar Juma'a 9 ga Mayu aka ji su a shirin da yake gabatarwa a wani gidan rediyo a Maraɗi. Bai sauya murya ko ɗaya ba. Daga baya ya ce ai bai ambaci suna ba. Ina tambaya cikin ladabi: a wane ƙauye ne ake buƙatar suna kafin a gane muryar matar da ake sayen ƙuli a wurinta shekara ashirin? Har zakaran gidan Ladi an ji cararsa a shirin.

4. Kafin la'asar dattawa sun aika an karɓo salular, an fasa ta a bainar jama'a. Gidaje da dama sun hana matansu taka ƙofar Ladi, sana'arta ta tsaya cik. Ni kaina, da na je ba da haƙuri, ko tabarma ba a shimfiɗa mini ba.

5. Ranar Litinin 2 ga Yuni Sakina ta je neman sa hannunsa don a sa mata ranar kare kundi. Ba ta ji kalmar haƙuri daga bakinsa ba. Cewa ya yi shirin ya karɓu, masu sauraro na neman ƙari, ta kawo sauran hira bakwai, in ba haka ba kundin bai cika ba, sai baɗi. Ta ƙi. Ta dawo gida ta kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Shekara uku yarinyar nan tana fama da motocin Maraɗi, tana shan dariyar masu cewa wai surutu ma sai an je jami'a an koya, yanzu kuma a ce ta zaɓa tsakanin takardarta da amanar mata bakwai. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba zan ɓoye ba.

6. Na duba littafin darasinta na shekara ta biyu. A ciki akwai darasin kare wanda ya ba ɗan jarida labari, shafi huɗu cur. Malam Hamisu ne ya koyar da shi, shi ya ba ta maki 18 bisa 20.

Saboda haka nake roƙon mai girma Shugaba da ya sauya wa Sakina mai duba kundi, a bar ta ta kare shi a wannan zango tare da 'yan ajinta. A hana sake sa shirin. Kuma sashenku ya tura wakili Gabi ya gaya wa dattawa da bakinsa cewa ba yarinyar ce ta kai muryoyin rediyo ba. Katin memorin da ke ɗauke da sauran hirar yana wurina, kuma ba zai fita ɗakina ba ko da hakan zai ci mata shekara.

Tare da wannan wasiƙa akwai takarda ɗaya, ka gafarci man gyaɗan da ya taɓa gefenta. Takardar alkawarin Ladi ce, ga hatiminku, ga yatsanta. Jiya ta hau amalanke tun daga Gabi ta kawo mini har gida, ta ƙi shiga, ta ƙi shan ruwa. Ta ce wata huɗu tana adana ta a ƙasan akwati, yanzu a mayar wa masu ita. To, ga ta na mayar.

Allah ya ƙara girma, ya sa ka yi adalci.

Mai biyayya gare ka,
Malama Habiba Ɗan Baba
(sa hannu)